Garmahon Sitaci Mai Guga

Ƙanena mai guga ne, kuma Allah bai yi mai taurin kai kamarsa ba. Ni na goye shi, saboda haka na san nauyin kan da nake magana a kai. Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi. Sitaci kowa ke ce masa, don ko hankici ka kai masa sai ya dawo maka da shi a sandare kamar kwali. Shagonsa ɗaki ne guda a bakin titi, tsakanin mai faci da mai aski: tebur da bargo a kai, dutsen guga na gawayi guda biyu, sai igiya daga bango zuwa bango. Ɗakin kwanansa yana bayan shagon, nawa yana kallon nasa tun da mijina ya rasu na dawo kusa da shi.

Magana ɗaya gare shi a duniya. Ita yake yi wa riga, ita yake yi wa 'ya'yan maƙwabta, ita yake yi wa masu mulki in an kunna labarai: "Duk abin da ya lanƙwashe, Yaya, zafi da nauyi ne maganinsa." Tun yana da baƙin gashi yake tsaye a kan teburin nan, bai taɓa ƙona wa mutum ko bakin aljihu ba, shi ya sa babu mai iya ƙaryata shi.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, Kanari muke ce mata. Allah bai ba su haihuwa ba, amma ita ya ba ta maƙogwaro. Kafin aure 'yar amshi ce a wurin wata zabiya da yau ko sunanta ba mai tunawa. Sau ɗaya aka taɓa kwashe su, zabiyar da 'yan amshinta biyar, aka kai su wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifu, suka yi waƙa aka ɗauka a faifai, irin baƙin nan mai faɗi da ake ɗorawa a garmaho. Aka ba kowacce ɗaya. A farkon waƙar, don rawar kai, Kanari ta riga sauran shiga amshi. Ta ja baiti ita kaɗai, ta ga ba wadda ta biyo ta, sai ta yi 'yar dariya. Zabiya ta wanke ta tas, amma masu ɗauka suka ce ba za su sake ba, haka faifan ya fito. Labarin 'yar dariyar nan ta yi ta ba mu shi har haƙoranta suka fara zubewa.

Ba irin roƙon da ba ta yi masa ba. "Maigida, ka sayo mini garmaho mana, in ji kaina ko sau ɗaya."

"Ga ki nan da bakinki kina cika mini kunne daga safe har dare, me zan yi da akwati?"

Bana zai saya, baɗi zai saya, har garmaho ya ɓace daga kasuwa, kaset ya zo, shi ma ya wuce. Ta naɗe faifanta a zani ta jefa ƙasan adaka, ta daina tambaya. Har ta koma ga Allah Sitaci bai taɓa jin abin da ke cikin faifan nan ba.

Bayan rasuwarta ne kunnensa ya fara toshewa. Na lura ranar da babbar mota ta tsaya a bayansa tana ta danna ham, kowa a titi yana ihu, shi yana tafiyarsa da ƙunshin kaya a ka kamar titin na ubansa ne. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya leƙa wannan, ya leƙa wancan, ya sa masa wani abu a kai yana ta ce masa ya ɗaga hannu in ya ji ƙara. Hannun Sitaci yana kan cinyarsa. Daga ƙarshe likitan ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama yana bin sahu, jijiya ce, ba ta ɗigon magani ba ce.

Sitaci ya ce, "Wata nawa ya rage mini?"

Likitan ya matso bakin kunnensa ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya in sa rana ba, Baba. Amma in akwai abin da kake son ji, ka ji shi yanzu."

Muka shiga mota muka juyo gida. Sai da muka iso ƙofar gida ya kama hannuna, abin da bai yi ba tun yana rarrafe, ya ce, "Yaya, na manta muryarta."

Na ce, "Muryar wa?" Na sani sarai.

"Ina ganin fuskarta. Ina ganin yadda take ɗaura ɗankwali a karkace. Amma in ta buɗe baki a cikin kaina ba abin da ke fitowa."

Ni mai baki ce, duk unguwa ta shaida, amma ranar hannunsa kawai na riƙe muka shiga gida.

Washegari ya rufe shago ya shiga kasuwar 'yan gwanjo. Ya yi ta bin rumfa rumfa, yara masu sayar da waya suna yi masa dariya, wasu ma ba su san abin da yake nema ba. Can ya samu a wurin wani mai tsofaffin ƙarafa, a ƙarƙashin tarin fankoki: garmaho mai aiki da wuta, akwatin katako ne mai murfi, ƙura ta yi masa riga, ɓeraye sun haihu a ciki sun yaye. Dutsen gugarsa ɗaya, na tagulla, wanda maigidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi, shi ya bayar aka ba shi akwatin. Mai ƙarafan ya ɗora masa gyara, wani tsohon faifai na wasu maza masu waƙa da harshen da ba mu sani ba.

Na ce, "Ka ba da abin da ke ciyar da kai, ka karɓo gidan ɓera."

Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Na ce Allah ya sanya albarka."

Daga nan wahala ta fara. Ni da na ɗauka garmaho kamar rediyo ne, ka soka a bango ya yi magana. Ashe ya fi amarya iyayi. Aka soka, ya yi gurnani, farantin bai juya ba. Sitaci ya ɗaga farantin, ya ga robar da ke jan sa ta narke ta zama kamar kwalta. Ya je wurin mai faci ya yanko tif ɗin keke ya ɗaura. Farantin ya juya, amma da gudun tsiya. Allurar ma ashe ta karye, sai ƙarar kartar ƙarfe kake ji, irin mai sa haƙori tsami.

Dole ya kai ƙara wurin wani mai gyaran rediyo a ƙarshen layinmu, wanda ake ce wa Injiniya. Dattijo ne shi ma, mutumin kirki, mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Da ya ga akwatin sai da ya shafa shi kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓace. Ya ce bel, wato robar da ke jan farantin, zai samu, amma allura sai an aiko daga nesa, wurin wani da ke tara irin waɗannan kaya.

"Yaushe za ta zo?"

"In Allah ya kawo ta, Baba Sitaci."

"Allah yana da lokaci, Injiniya. Ni ne ba ni da shi."

A jiran allurar nan ne ya ɗora mini aiki. Kullum da safe sai in tsaya nesa in zage shi, shi kuma ya juya mini baya ya faɗi abin da na ce, don ya auna abin da ya rage masa. Aikin bai yi mini wuya ba, na daɗe ina yi kyauta. Da farko daga ƙofar gida nake cewa, "Tsoho mai kan kwakwa!" ya ce, "Na ji, mai bakin reza." Ana nan sai da na dawo ƙofar ɗakina. Ana nan sai tsakar gida. Ranar da na tsaya a bakin ƙofarsa na zazzaga masa zagin da ya isa ya tashi matacce, shi kuwa yana tsaye yana jira in fara, sai na koma ɗaki na rufe ƙofa, don kada ya ga fuskata.

Bai zauna ba shi ma. Injiniya ya ce garmaho ba ya son wuri mai gangara, daɓen ɗakin kuwa duk tudu da kwari ne. Sitaci ya shigo da teburin gugarsa, ya ɗora kwanon ruwa a kai, ya yi ta cusa kwali a ƙarƙashin ƙafafu har ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano ta kowane gefe. Lasifika ya aro wurin mai aski. Da aka haɗa sai wani gunji ya cika ɗakin kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Injiniya ya ce akwai wata 'yar waya a baya da take son ta taɓa ƙarfen da ya shiga ƙasa. Suka ja ta har jikin famfon tsakar gida suka ɗaure, gunjin ya ɗauke. Na yi tuntuɓe da wayar nan har na gaji da tsine mata. Kayan mutane kuwa suna jibge a shago, masu su suna zuwa suna komawa, wasu suka kwashe nasu ba su sake dawowa ba.

Ranar da allura ta iso, a cikin wata 'yar kwalba kamar ta turare, Injiniya da kansa ya zo ya ɗaura ta. Aka gwada da faifan gyara. Mazan nan suka buɗe baki tar, kamar suna cikin ɗakin. Sitaci ya manna kunnen dama a lasifika, ya ɗago yana dariya kamar yaro. "Ina ji! Can ƙasa-ƙasa, amma ina ji!"

Ya wanke hannu. Ya sauko da adaka daga kan katakon da ke ƙarƙashin kwanon rufi, inda ta shekara da shekaru tana shan zafin rana. Ya kwance zanin Kanari a hankali.

Faifan ya lanƙwashe. Bakinsa ya tashi ta gefe ɗaya ya faɗa ta ɗaya gefen, kamar hular da aka zauna a kai.

Injiniya ya ɗora shi duk da haka. Faifan yana juyawa yana hawa yana sauka, allura ta hau tudun ta yi tsalle ta dira can tsakiya. Aka sake, ta sake. Kuma inda lanƙwasar ta fi muni shi ne bakin faifan, farkon waƙa, daidai inda Kanari take ita kaɗai. Ɗaya fuskar kuwa kiɗa ne zalla, ba muryar kowa.

Sitaci ya ce a ɗora wa hannun allurar wani abu mai nauyi ya danne ta. Injiniya ya riƙe masa hannu. "Kul! Noma za ta yi a ciki." Ya yi bayani da ƙarfi, yana nunawa da hannu: a samo gilashin taga biyu, a sa faifan a tsakani, a ɗora bulo a kai, a ajiye a inuwa a manta da shi wata biyu ko uku. Wataƙila ya miƙe, wataƙila ya ƙi. Ya ce a babban gari akwai masu injin miƙar da faifai, in za a aika.

"Ba inda za ta ba tare da ni ba," in ji Sitaci. Tun daga ranar ya daina cewa faifai, sai dai "ita".

Ya bi maganar Injiniya, ban ce bai bi ba. Ya cire gilashin tagarsa, ya ɗora bulo. Amma kullum sai ya sauke bulon ya leƙa, kamar mai tone iri ya ga ko ya tsiro. Faifai yana nan yadda yake. Kunne kuwa bai san haƙuri ba. Zagin safe ya dawo sai na sunkuya a kafaɗarsa na yi ihu, shi ma rabi yake kamawa.

Wata rana da hantsi na gan shi ya ɗora faifan gyara a kan kwanon rufi, a rana. Na san inda aka nufa, don ni na goye shi. Da ya lanƙwashe ya sauko da shi, ya shimfiɗa a kan bargo, ya rufa jiƙaƙƙen ƙyalle, ya hura gawayi. Wallahi ya miƙar da shi sumul. Ya ɗora a garmaho, allura ta bi shi ba tsalle ko ɗaya. Ya juyo yana kallona, ido yana ƙyalli.

Ni kuwa ina jin abin da ke fitowa. Mazan nan da suka yi waƙa tar, yanzu kamar an tura su rijiya ana ruwan sama a kan kwano. Na kama kunnensa na ce, "Ka kashe su! Ba waƙa a ciki, sai shuuu!"

Ya ɗora tafin hannu a kan lasifika, ya ji tana motsi. "Ga shi yana bugawa."

"Bugawa ba waƙa ba ce, ja'iri! Ni mai kunne ce ke gaya maka!"

"Ke dama tun muna yara ba abin da na taɓa yi kika ce ya yi."

"To yau gaskiya nake faɗa!"

"Yaya," ya ce, a hankali, har na fi jin tsoron sanyin muryar a kan faɗan, "jiya na ji kukan zakara. Yau na gan shi ya buɗe baki kawai. Wata uku na wa?"

Ya sauke bulo. Na riƙe rigarsa, ya ɓamɓare hannuna. Na ce to bari in kira wanda zai ji maganarsa. Na fita da gwiwoyin nan nawa da ba su san gudu ba, ina tafe ina dafa bango, har shagon Injiniya. Ya bar rediyon mutane a buɗe ya biyo ni. Tun daga zaure muka ji warin, kamar an sa takalmin roba a wuta.

Sitaci yana tsaye da faifan Kanari a hannu biyu. Faifan ya miƙe, ba ƙarya, ko teburin likita bai fi shi ba. Yana ta sheƙi. Injiniya ya karɓa ya kai shi wurin haske, ya karkata shi, ya daɗe yana kallo. 'Yan layukan nan sirara da murya ke kwana a ciki sun shafe, wurin ya yi santsi kamar madubi. Ya cire gilashinsa ya goge ido da gefen riga.

Aka ɗora. Allura ta sauka a baki, ba ta sami abin kamawa ba, ta sulale fiii ta wuce. Baitin Kanari da 'yar dariyarta sun tafi a ƙarƙashin dutsen gugar mijinta, bai taɓa jin su ba. Garin neman gira an rasa ido.

Sai allurar ta tsaya kusa da tsakiya, ta kama. Mai guga ba ya ɗora dutse a kan rubutu, hannunsa da kansa yake kaucewa, saboda haka ya zagaye takardar da ke manne a tsakiyar faifan, ya bar wani zobe da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ƙarshen waƙar ne. Mata biyar suka tashi gaba ɗaya, baki ɗaya, suka ja amshi sau biyu, kiɗa ya tsaya. Shi ke nan abin da ya rage.

Sitaci ya ga fuskokinmu sun canja. Ya faɗa kan lasifika da kunne. "Akwai? Akwai wani abu? Injiniya, ƙara! Ƙara mata!" Aka ƙure ƙara har mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Aka sake, aka sake. Ya ɗago, gumi yana zuba. "Kamar iska nake ji. Yaya, tana ciki? Wacce ce ita?"

Na ce tana ciki. Wacce ce kuwa, ni kaina ban iya rabewa ba. 'Yan mata biyar ne masu sabon maƙogwaro, ni kuma tsohuwa na sani mai tari da safe. Na so in nuna masa ɗaya in huta, amma da me zan nuna? Murya ba ta da hannun riga da za ka kama.

Injiniya ne ya ce ya taɓa ganin wani kurma yana jin rediyo da haƙori. Ya ce ƙara tana bin ƙashi. Ya sa Sitaci ya durƙusa ya ciji gefen akwatin lasifikar, ya toshe kunnuwa, aka saki allura. Tsoho mai furfura, a durƙushe, baki cike da katako kamar akuyar da ta sami turmi. Ban yi dariya ba. Na ga bayansa ya sandare. Da kiɗan ya tsaya bai saki ba, sai da Injiniya ya taɓa shi.

"Mata ne," ya ce. "Da yawa. Sake."

Kunnen dama bai ƙara wata guda ba ya rufe ruf. Yanzu ko tsawa aka yi sai dai ya ga mutane sun firgita. Mai aski ya ga shaidar haƙora a lasifikarsa ya ce ya bar masa ita. Da safe yana guga da dutsensa guda ɗaya, ga 'yan tsirarun da ba su gudu ba. In rana ta karkata, in akwai wuta, sai ya mayar da tebur ɗaki, ya daidaita shi da kwanon ruwa, ya durƙusa ya ciji katako, ni kuma in ɗora masa allura.

Wata rana ya ce ya gano ta, ita ce mai siririyar murya a sama. Washegari ya ce a'a, waccan ba ita ba ce, ita ce ta ƙasa mai ɗan jan numfashi. Ya tambaye ni, in ɗaga kai ko in girgiza, duk ɗaya ne, ba ya yarda da ni.

Injiniya ya ja ni gefe ya ce zoben nan ba zai daɗe ba, duk wucewar allura tana cin wani abu, ga shi har ya fara furfura. Ya ce in lallashe shi ya rage, ko sau ɗaya a mako. Na ce to, a adana wa wa? Jiya ma haƙorinsa na gaba ya fara girgiɗi. Ya tofar da jini a tsumma, ya juya ɗaya gefen bakin, ya ɗaga mini yatsa in sake.